Aikin gidan abinci a New York: yi lissafi kafin ka yi alkawari

Ɗan'uwa, in ka sauka New York da izinin aiki a hannu, aikin da ya fi saurin samuwa shi ne na gidajen abinci irin su McDonald's da Popeyes: suyar dankali, goge-goge, karɓar kuɗi. Neman na kai ne, ba abin kunya ba. Sai dai ina roƙonka, ka daina juya dala zuwa naira ko sidi a zuciyarka, domin da dala za ka biya haya.

Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma yana nan tun 2009. A birnin New York kuwa ya kai dala 16.50 a 2025. Da daɗin ji, amma gizo yana saƙa ne a wajen awanni. Sau da yawa ba a barin mutum ya cika awa 30 a mako, saboda daga nan ne doka ke ɗora wa manyan kamfanoni nauyin inshorar lafiyarsa. In an ba ka awa 28, a lissafin albashin 2025, dala 462 ke nan a mako. Kafin kuɗin su zo hannunka an zare kashi 7.65 cikin ɗari na Social Security da Medicare (asusun fansho da inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati), ga harajin tarayya, ga na jiha, ga na birni.

Abin da ya rage, haya ce ke lashe mafi yawansa. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Bronx, wani yanki na birnin, 'yan zangon Ghana da 'yan Nijar, suke haɗuwa su kama gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ka bi sahunsu. Ka kuma sani, tun 2019 dokar jihar ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata guda.

Nemi katin Fair Fares, in ka cancanta rabin kuɗin jirgin ƙasa da bas za ka riƙa biya. Jadawalin aiki haƙƙinka ne a ba ka kwana 14 kafin lokaci. Batun naman alade da sallar Juma'a, tun ranar farko ka yi shi da manaja.

Su Inna a gida kuwa, gaya musu gaskiyar abin da kake samu. Sai ka ga takardar albashi ta wata biyu sannan ka yanke abin da za ka riƙa aikawa.