Kurakuran da ake yi wajen sharhin fim ɗin Daratt

Daratt fim ne na Mahamat-Saleh Haroun, ɗan ƙasar Chadi, wanda ya fito a 2006. Ba kowa ya san shi ba, kuma a cikin waɗanda suka kalla, da yawa suna ba da labarinsa a karkace.

Babban kuskuren shi ne a ce fim ne na yafiya kawai. Ga yadda abin yake. Rediyo ta sanar da cewa an yi wa duk masu laifin yaƙin basasa afuwa. Wani tsoho makaho ya ɗauko bindiga ya damƙa wa jikansa Atim, ya tura shi Njamena ya kashe Nassara, mutumin da ya kashe uban Atim tun kafin a haifi yaron. Atim ya tarar da Nassara yana gashin burodi, yana rabar da guntaye ga yara a ƙofar gida, ba ya iya magana sai ya ɗora wata 'yar na'ura a maƙogwaro. Yaron ya zama ɗan koyonsa, har Nassara ya nemi ya riƙe shi a matsayin ɗa. A ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakan, ya harba bindigar sama, tsohon ya ɗauka an gama. To, ina yafiyar a nan? Atim bai taɓa cewa ya yafe ba. Ƙin kisan ya yi, ya kuma rufe kakansa da ƙarya don ran tsohon ya kwanta. In mai sharhi ya faɗi haka, ya fi gaskiya, kuma nauyin fim ɗin a nan yake.

Wasu kuma suna wanke Nassara tas saboda yana zuwa masallaci yana sadaka. A sake dubawa da kyau: zafin zuciyarsa na nan, bindigoginsa ma na nan a ajiye.

Sai masu cewa fim ɗin ya cika jan jiki, ba magana. Shirun nan da gangan aka yi shi. A zuba ido kan hannayensu lokacin kwaɓa fulawa, da gumin da ke zuba a bakin tanda, da yadda suke kallon juna ba ƙiftawa. Abin da masu sharhi suka fi yabawa ke nan, tare da wasan Youssouf Djaoro da ya fito a Nassara.

Batun kyaututtuka ma ana cakuɗa shi. A bikin finafinai na Venice na 2006 kyautar musamman ta alƙalai Daratt ya samu, babbar kyautar ta tafi ga fim ɗin Jia Zhangke na Sin. A FESPACO, wato bikin finafinan Afirka, ta 2007 a Wagadugu ya zo na uku. Kyautar alƙalai ta bikin finafinai na Cannes da Haroun ya karɓa a 2010 kuwa ta wani fim ɗinsa ce daban, kada a jingina ta ga wannan.