Juyin kobra: inda masu kallon jiragen yaƙi ke yin kuskure

A fadojin Maradi, da zarar bidiyon Su-35, jirgin yaƙin Rasha, ya zagayo a waya, jirgin ya ɗaga hanci ya tsaya cik kamar kumurci ya fasa kai, wato juyin kobra, sai a ce wannan ba mai iya kayar da shi. Kuskuren farko ke nan.

Viktor Pugachev, matuƙin Tarayyar Soviet, shi ne ya nuna wa duniya juyin kobra da jirgin Su-27 a bikin baje kolin jirage na Faransa a 1989. Matuƙi kan shigo da gudun da bai kai kilomita 500 a awa ba, ya ja sandar tuƙi da ƙarfi, hanci ya miƙe digiri 90 har ya ɗan wuce. Cikin daƙiƙu kaɗan fiye da rabin gudun ya zube. Gudu da tsayi kuwa su ne jarin matuƙi, kamar yadda John Boyd na sojan saman Amurka ya lissafa tun shekarun 1960. Ko mai bin ka ya zarce gaba, abokin tafiyarsa yana baya, ya same ka a tsaye. Saboda haka kafin a yaba juyi, a ƙirga jiragen da ke fagen.

Sai masu zaton juyin na kauce wa makami mai linzami. Jikin matuƙi, ko da rigar matse ƙafafu, iyakarsa nauyin 9g, wato ninki tara na nauyin jikinsa. In ya wuce, jini ya sauka daga kai, ido ya yi duhu, ya suma. Makamin ba ruwansa da suma, yana ninka wannan sau uku ko fiye. Ga makamai irin su R-73 da AIM-9X, waɗanda kallo kawai matuƙi zai yi ta gilashin hularsa ya harba. Abin da ke aiki shi ne a karkata har makamin ya koma gefen fiffike, a gangara ƙasa inda iska ke da kauri don ta cinye ƙarfinsa, a watsa tartsatsin da ke ruɗa makamin. Duk wannan da gudu ake yinsa.

Amma cewa juyin wasa ne kawai, shi ma ba daidai ba ne. A gwaje-gwajen shekarun 1990, jirgin X-31 mai karkata bakin inji ya sha rinjayar F/A-18 a arangamar kusa, ɗaya da ɗaya. Kuma jirgin da ke biyayya da hancinsa a miƙe haka ba ya saurin ƙwacewa ya shiga wulwulawa idan matuƙi ya ja sanda fiye da kima.