Yadda Za Ka Fitar da Fushin Siyasa Daga Gidanka, Ka Kai Shi Inda Za a Saurare Ka

Mutum ya wuni yana fama, kuɗin hannunsa bai kai shi ƙarshen wata ba, famfo ya ƙafe, wuta ta ɗauke. Ya buɗe waya ya tarar wanda ya zaɓa ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar da jiya yake zagi. Ba shi da hanyar isa wurin ɗan siyasar, sai ya huce a kan na kusa da shi: matarsa, ƙaninsa, ko yaron da ya ce a ba shi kuɗin littafi. Fushin yana da dalili, amma ya sauka a inda bai kamata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fara da takarda da biro. Ja layi biyu ka raba shafin gida uku. Har tsawon mako biyu, duk abin da ya ɓata maka rai ka rubuta shi a gidan da ya dace. Na farko na abin da ke hannun iyalinka ne, kamar bashi da kashe kuɗi ba tsari. Na biyu na abin da ke hannun wata hukuma mai ofis da ƙofa: magudanar ruwa da ta toshe, ajin da rufinsa ya yaye, asibitin da ba ma'aikaci da dare. Na uku na abin da sai zaɓe ko sauyin manufar gwamnati, irin su hauhawar farashi da faɗuwar darajar kuɗi. Yawancin cacar baki a kan gida na uku ake yin ta, alhali shi ne wanda magana ba ta motsa shi. Gida na biyu shi ne inda ƙoƙarinka zai yi tasiri, kuma shi mutane suka fi watsarwa.

Rage wutar da waya ke hurawa

A WhatsApp kana iya kashe ƙarar kowane zaure na awa 8, ko mako guda, ko har abada, ba tare da kowa ya sani ba. Zauren dangi da ya koma fagen jam'iyya, kashe ƙararsa ya fi fita daga cikinsa, domin fita tana jawo zargin yanke zumunci. Zauren da aka jefa ka ba da saninka ba kuwa, fice abinka; tun 2022 shugabannin zaure kawai ake sanar wa idan mutum ya fita. Sannan ka shiga saitin sirri ka taƙaita waɗanda ke da ikon saka ka a zaure. A Facebook akwai damar dakatar da ganin rubutun mutum na kwana 30, ko daina bibiyarsa alhali abotarku tana nan.

Saƙon WhatsApp da ke ɗauke da alamar kibiya biyu a samansa yana nufin an yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu, har ma tun 2020 kamfanin ya hana tura irinsa zuwa fiye da wuri ɗaya a lokaci guda. Kada ka karanta wa iyali irin wannan saƙo sai ka bincika. Idan hoto ne, saka shi a Google Lens, manhajar da ke nuna inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne na wata ƙasa aka sauya masa labari. Muryar da aka naɗa ba suna ba kwanan wata, bar ta inda ka gan ta.

A cikin gida

Ku yi yarjejeniya tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ba maganar jam'iyya lokacin cin abinci, ba kuma a awa ɗaya kafin barci. Wanda ya ji ransa ya fara ɓaci yana da damar cewa "mu bar shi zuwa gobe", ɗayan kuma ya amince ba tare da ƙara ko kalma ba. Inda wannan ke rushewa shi ne son mutum ya zama shi ya yi maganar ƙarshe.

Ƙuri'ar matarka tata ce, haka ta ɗanka da ya isa zaɓe. Sashe na 21 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya tanadi a yi zaɓe a asirce, kuma hikimarsa ke nan: kada maigida ko ubangida ya san abin da ka dangwala. Tilasta wa iyali ba ya ƙara wa ɗan takararka komai, sai dai ya koya musu ɓoye maka ra'ayinsu. Ka kuma kiyaye bakinka a gaban yara. Laƙabin zagin da ka sa wa 'yan wata jam'iyya, gobe yaro zai maimaita shi a gaban maƙwabcin da kuke neman taimakon juna.

Batun kuɗi ya fi komai haɗari. Kada ka ci bashi ko ka sayar da kadara don hidimar ɗan takara bisa alkawarin muƙami ko kwangila. Alkawarin yaƙin neman zaɓe ba takarda ba ce, ba kotun da za ta karɓo maka. Idan har kana son ba da gudummawa, ku yanke adadin tare da iyali, kuma ya fito daga abin da ya rage bayan haya, makaranta da magani. Kada ka miƙa katin zaɓenka ko lambarsa ga kowa don a saka ka a jerin masu samun tallafi. Wanda kuma ya karɓi kuɗin ƙuri'a ya sani bakinsa zai yi nauyi ranar koke, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Rubuta koken da za a amsa

Ɗauki abu ɗaya tak daga gida na biyu na shafin nan da ka raba. Ka fara gano wanda aikin ke wuyansa, domin a nan yawancin koke ke mutuwa. Ɗan majalisa aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi da sa ido. Ma'aikata ko hukuma ko ƙaramar hukuma ce ke aiwatarwa. Don haka takardar ta tafi ga shugaban hukumar da ke da alhakin aikin, ɗan majalisa ko kansila a ba shi kwafi. Idan ba ka tabbatar ba, je ofishin ka tambayi ma'aikacin da ke karɓar wasiƙu sunan muƙamin da ake rubuta wa.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A ciki a faɗi ainihin wurin da matsalar take, ranar da ta fara, adadin gidajen da ta shafa, da abin da ake so a yi. "Muna fama da rashin kulawa" ba ya sa kowa ya tashi daga kujera. "Magudanar da ke gaban makarantar firamare ta toshe tsawon wata huɗu, ruwa yana shiga gida 18, muna roƙon a yashe ta kafin damina" magana ce da za a iya tura wa injiniya. A haɗa hotuna biyu ko uku masu kwanan wata.

Kada sunan wata jam'iyya ya fito a takardar, ko na yabo ko na suka. Da zarar ma'aikaci ya hangi ƙamshin adawa, sai ya ɗauke ta a matsayin yarfe ya jefa a durowa. Shi ya sa sa hannun ya kamata ya haɗa magoya bayan kowane ɓangare: mutum 20 zuwa 30, kowa da cikakken suna da lambar waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ruwan da ya shiga ɗaki bai tambayi wa aka zaɓa ba.

A buga kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida a ajiye, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Takardar da ba ta da wannan hatimi, gobe za a ce ba a taɓa ganin ta ba. Mutum uku su je tare, kada ɗaya. Wakili guda idan ya shiga ofis shi kaɗai, abu ne mai sauƙi a ja shi gefe a biya masa buƙatarsa ta kansa, maganar jama'a ta bi ruwa.

Idan an ce an riga an ware kuɗin aikin amma ba a gani a ƙasa ba, ƙasashe da yawa suna da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ke ba ka damar neman bayani daga hukuma. Ta Amurka ta 1966 da ta Birtaniya ta 2000 sun ba hukuma kwanakin aiki 20 ta amsa, ta Indiya ta 2005 kwana 30, ta Najeriya ta 2011 kwana 7. A irin wannan buƙata takardu ake nema: sunan ɗan kwangila, adadin kuɗin, ranar da aka biya, da ranar da ya kamata a kammala. Tambayar "me ya sa ba ku yi ba" tana ba su damar amsawa da dogon surutu, amma neman kwafin takardar kwangila ba ya barin wannan ƙofa.

Bayan kwana 14 da miƙa takardar koke a koma da kwafin mai hatimi a tambayi teburin da takardar ta kai da lambar fayil ɗinta. Idan shiru, a rubuta tunatarwa ta layi biyar da ke ambaton ranar takardar farko, a aika kwafi ga ofishin da ke sama da wannan. Sai an yi haka sau biyu ba amsa sannan a kai wa gidan rediyo ko jarida, da takardun a hannu. Kowane zuwa a rubuta shi a littafi guda: rana, wanda aka gani, da abin da ya ce. Ranar da 'yan takara suka dawo neman ƙuri'a, wannan littafin za a buɗe a gabansu.