Yadda za ka koya wa yara sauyawar makamashi da guga, lilo da butar lantarki

Yawancin 'yan sakandare sun haddace cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma halaka shi, kama kawai yake sauyawa. Suna rubuta haka a jarrabawa su ci maki. Amma ka tambayi yaro ina cajin wayarsa ya tafi da batir ya mutu, sai ya ce maka ya ƙare. To abin da ba ya halaka, ta yaya ya ƙare? Ina ya je? Darasin gaba ɗaya yana cikin wannan tambaya, kuma amsa ta ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Malami ne kai ko uba, kayan aikin suna tsakar gida: guga da igiya, gorar roba, yashi, alli, danƙon harbi, butar lantarki da agogon waya.

Mataki na farko: fara da tafin hannu

Kada ka soma da jera sunaye a allo. Ka ce kowa ya murza tafukansa da ƙarfi har ya ƙirga ashirin, sannan ya ɗora su a kumatu. Daga ina ɗumin nan ya fito? Za su ce daga murzawa. Murzawar fa? Daga ƙarfin hannu. Ƙarfin kuma daga koko da ƙosan da aka karya kumallo da su. Gero da wake kuwa hasken rana ne ya raine su a gona. Sai sun kai nan da bakinsu, sannan ka raɗa wa kowace kama suna: haske, makamashin sinadari da ke ajiye cikin abinci, makamashin motsi, da zafi. Ka ƙara musu cewa itace, gawayi, fetur da batir duk dangin abinci ne ta wannan fuska, kowanne ma'aji ne na makamashin sinadari.

Daga nan ka kafa musu tambayoyi uku da za su riƙa yi wa duk abin da aka gwada: daga ina ya zo, wace kama ya koma, ina ragowar ya tafi. Ta ukun ce aka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi amfani.

Mataki na biyu: lilo da danƙo

Ka cika gorar roba da yashi, ka ɗaure ta da igiya a reshen bishiya kusa da bango. Ja ta gefe, ka shata alli a bango daidai tsayin da ta kai, ka sake ta ba tare da turawa ba. A sama tana tsaye cak, ba motsi, amma tana riƙe da makamashin tsayi. Tana saukowa tsayin na komawa gudu, a tsakiya ta fi sauri, a ɗaya gefen gudun ya sake komawa tsayi. Ka sa yaro ɗaya ya zuba wa layin alli ido. Gorar ba za ta taɓa wuce shi ba, kuma kowace dawowa sai ta gaza kaɗan har ta tsaya. Iska da gogar igiya a jikin reshe su ne suke tsakurar makamashin suna mayar da shi zafi, zafin da ya yi ƙanƙanta hannu ya ji.

Danƙon harbi ba ya ɗaukar lokaci. Ja kaɗan, dutse ya faɗi kusa. Ja sosai, ya yi nisa. Robar da aka miƙe ita ma ma'aji ce. A harba ta fuskar fili, inda babu mutum ko dabba.

A nan nake so malamai su ɗan tsaya su faɗi abin da zai iya ceton rai. Makamashin motsi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Babur mai gudun kilomita 80 a awa yana ɗauke da ninki huɗu na mai gudun 40, kuma birki sai ya mayar da wannan duka zafi kafin a tsaya. Shi ya sa tazarar da birki ke ci take kai kusan ninki huɗu. Yaron da zai hau babur gobe ya cancanci ya san wannan.

Mataki na uku: a je bakin rijiya, a sa lamba

Ma'aunin makamashi shi ne jul. Don gano makamashin da ake kashewa wajen ɗaga kaya, ana ninka nauyinsa a kilogiram da 10, wato kusan ƙarfin jan ƙasa, sannan a ninka da tsayi a mita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka guga mai lita 10 daga rijiya mai zurfin mita 10 ya kama 10 sau 10 sau 10, jul 1,000. Ka sa yaro babba ya jawo, kana tsaye kusa da shi. In babu rijiya, a yi da tanki ko bene, a auna tsayin da igiya. Muhimmin abu dai jikinsu ya ɗanɗana nauyin jul 1,000, domin daga yanzu da guga za mu riƙa awo.

Mataki na huɗu: tafasa lita ɗaya

Wannan shi ne zuciyar darasin, kada ka yi gaggawa a kansa. Kafin ka kunna komai, ka tambaye su: da tafasa ruwan shayi lita ɗaya da jawo guga goma, wanne ya fi cin makamashi? Kusan duk za su ce guga, domin shi ne ke sa gumi.

Sai a yi lissafi. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar kusan jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga digiri 25 zuwa 100 akwai 75. Ninka 75 da 4,200, ka sami jul 315,000. Guga 315 ke nan, a kan ruwan da bai fi kofi huɗu ba. Ka bar su su yi shiru su juya wannan lamba a ransu.

Wanda ya auna wannan alaƙa tsakanin aiki da zafi shi ne James Joule, ɗan Ingila daga yankin Manchester, a shekarun 1840, kuma sunansa aka ba ma'aunin. Abin da ya yi bai yi nisa da gugarmu ba. Ya rataye nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya filafilai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana auna ɗan ɗumin da ruwan ya ƙara.

Yanzu ka duba gindin butar, za ka ga an rubuta wat nawa take ci. Wat ɗaya shi ne jul ɗaya a kowace daƙiƙa. In mai wat 1,500 ce, raba 315,000 da 1,500, ka sami daƙiƙa 210, minti uku da rabi. Zuba lita ɗaya daidai, kai da kanka ka kunna, yara su kama lokaci. Za ta wuce minti uku da rabi. Nan tambaya ta uku ta shigo. Su kai hannu kusa da jikin butar ba tare da taɓawa ba, su ji ɗumi, su ga tururi, su saurari ƙarar da take yi. Ga ragowar nan. In wutar unguwa ta zo da rauni, lokacin zai ƙara tsawo, domin butar ba ta samun cikakken wat ɗin da aka rubuta mata.

Da wannan idon sai su je madafa su dubi murhu mai duwatsu uku. Harshen wuta yana lasar iska ta kowane gefe, ɗan kaɗan ne daga zafin itacen ke shiga tukunya. Rufe tukunya da murfi da kare murhu daga iska ba tsohuwar al'ada ba ce kawai, kimiyya ce tsantsa, kuma iyayenmu mata sun daɗe da saninta.

Mataki na biyar: karanta mita

Yunit ɗaya na mitar wuta shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, jul 3,600,000, wato guga 3,600. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye shi a awa ɗaya. Fanka mai wat 60 za ta yi sama da awa 16 da shi, ƙwan LED mai wat 10 kuma awa 100. Su zagaya gida da takarda su kwafi wat ɗin kowace na'ura, da kansu za su lura cewa masu samar da zafi su ne manyan maciya. Dalilin ke nan masu haɗa sola suke hana a jona hita ko dutsen guga a ƙaramin inbata.

Mataki na shida: bi sawun wutar har tushenta

Ka ba su aikin zana sarƙa daga rana zuwa fankar ɗaki. Rana ta ɗaga ruwa ya zama gajimare, ya sauko a tsaunukan Gini, ya biyo Kogin Kwara ta Mali da Nijar ya taru a madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Can yana da makamashin tsayi, kamar gorar da aka ja gefe. Ya gangaro ya juya manyan injina, maganaɗisu ya kewaya kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki ya samu, dabarar da Michael Faraday ya gano a 1831. Daga nan sai waya, sai taransifomar unguwa mai gurnani da ɗumi, sai fanka. A kowace gaɓa su zana ƙaramar kibiya ta fita gefe su rubuta mata zafi. Wanda gidansu janareto ake kunnawa ya fara tasa sarƙar daga fetur, zai ga yawancin makamashin man yana fita a matsayin zafi ta salansa da jikin inji.

Tambayar ƙarshe ita ce: fanka tana sanyaya ɗaki? Su kashe ta bayan ta yi awa guda, in ta tsaya su taɓa kanta, za su ji zafi. Duk wat 60 ɗin nan a cikin ɗakin yake ƙarewa a matsayin zafi. Sanyin da muke ji daga gumi ne, iska tana busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin fata, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yake sanyaya na ciki. Don haka in babu kowa a ɗaki, a kashe fanka.