Kofi da sikeli: awon kayan marmari ga sabuwar zuwa Legas

'Yar'uwa, sannu da sauka. Idan kina da niyyar sana'ar kek ko lemon kwalba daga cikin gida, kamar yadda da yawanmu ke yi a Agege da Idi-Araba, abin da zai fara rikita ki shi ne awo. A gida mudu da tiya da kashi muka sani. Nan kuwa a kasuwa sai ki ji ana ciniki da derika, wato gwangwanin tumatir, ko da bokitin fenti. Ki shiga babban kanti, komai sai an ɗora a sikeli. Ga kuma girkin da kika samo a intanet yana cewa kofi biyu na abarba.

Kofin girki yana cin kusan mililita 240, in ruwa ne giram 240 ke nan. Amma yankakken abu yana barin fili a tsakaninsa, don haka bai kai nauyin ruwa ba. Kofi ɗaya na yankakkiyar abarba ko mangwaro kusan giram 165 ne, kankana 150, gwanda 145, gurzajjiyar kwakwa kuwa 80 kacal.

Ayaba ce ta fi cin mutane, ni ma ta ci ni. Yankakkiya giram 150 take a kofi, amma in an dame ta sai ta kai 225. Farkon zuwana na cika kofi da yankakkiya, sannan na dama na zuba a kwaɓi. Kek ya fito a bushe yana marmashewa, ga kuɗin mai biki na riga na karɓa. Har yau ina jin zafin ranar. Ki duba da kyau, an ce a dama kafin a auna ko bayan an auna?

Sai maganar ɓawo, wadda ita ce ta shafi aljihunki. Abin da girki ke nufi tsokar ce, mai sayarwa kuma da ɓawo yake ba ki. Abarba in kin fere, kin cire kai da cibiya, kusan rabi ya tafi. Kofi biyu giram 330 ne, ke nan ki nemi wadda ta kai 700 in kin je kasuwar kayan marmari ta Ketu. Ayaba kashi ɗaya cikin uku ɓawo ne.

Shawarata, ki sayi ƙaramin sikeli mai batir tun a satin farko. Ɗora kwano, danna ya koma sifili, sannan ki zuba. Ki auna kofinki da derikarki sau ɗaya da kowane abu, ki rubuta a takarda ki manna a bangon kicin. Dabinon da aka aiko miki daga gida kuma ki rufe shi ruf a roba, don damshin garin nan yana shigarsa, nauyinsa ya canza.