Yadda ƙaramar maktaba a Sudan za ta sa baki a dokar da ake tsarawa a Jeneba

Ya jama'a masu aikin maktaba, ko ta jami'a ce ko ta masallaci ko ɗan ɗakin littattafan da ke jikin khalwa a Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala, wannan maganar taku ce. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 mun ga abin da wuta ke yi wa takarda, maktabar cibiyar Muhammad Umar Bashir ta jami'ar Ahliyya a Umdurman ta ƙone a wannan shekarar, kuma duk abin da ba shi da kwafi a wani wuri to ya tafi kenan har abada. Ikon da maktaba ke da shi na ta kwafi littafi ta adana, ko ta tura kwafin wata ƙasa inda ba a harbi, ba abu ne da mudir zai yanke shi kaɗai a ofis ba, doka ce ke bayarwa ko ta hana, kuma saiwar dokar tana Jeneba ta ƙasar Suwizalan. To ga yadda ake kai magana can.

Da farko dai ka san ɗakin da ake zama. A Jeneba akwai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, WIPO, ƙasashe sama da 190 ke cikinta har da Sudan. A cikinta akwai kwamitin haƙƙin mallaka da ake ce wa SCCR, a nan ne ake jayayya kan rangwamen da za a yi wa maktabobi da ma'ajiyar takardu, wato inda doka za ta yarda su kwafa ba sai sun nemi izinin mai haƙƙi ba, in kana karanta takardunsu na Larabci za ka ga an rubuta istisna'at. Tsohuwar yarjejeniyar da komai ya ginu a kanta ita ce ta Berne ta 1886, Sudan ta shige ta a 2000, ita ce ta ce a kare littafi tsawon rayuwar marubuci da ƙarin aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Kare marubuci wajibi ne a kan kowace ƙasa, amma rangwame ga maktaba an bar wa kowace ƙasa ta yi yadda ta ga dama, shi ya sa abin da ya halatta a nan kana tsallaka iyaka sai ka tarar ya haramta. Wannan giɓin shi ne ainihin abin da ake faɗa a kai.

Kar ka rikita abu biyu fa. Rubutun hannu na su Shehu Usmanu da Muhammadu Bello da kakanni suka ɗauko zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗannan haƙƙin mallaka ba ya hana kwafarsu, izinin gidan da ke riƙe da su kawai za ka nema, kuma ka nema da ladabi. Matsalar tana kan kundin digiri, tsoffin jaridu, littattafan ƙarni na 20 da aka daina bugawa, kaset ɗin wa'azi da na waƙa, da littattafan da marubucin ya rasu kamfanin da ya buga su ya rufe ba ka ma san wa za ka tambaya ba.

Na biyu, ka karanta dokar gida da idonka, kar ka tsaya kan an ce. Sudan na da dokar haƙƙin mallaka ta 2013 wadda ta maye ta 1996, kuma WIPO na da rumbu a intanet mai suna WIPO Lex da ake samun dokokin ƙasashe kyauta. Ka zauna da biro kana tambayar dokar: ta yarda in yi sikanin don adanawa tun kafin littafin ya lalace? kwafi nawa? zan iya ajiye ɗaya a wajen ƙasa? zan iya tura wa ɗalibin da ya yi gudun hijira Masar ko Chadi babi ɗaya? Inda ta yi shiru ka rubuta ta yi shiru. Akwai wani masani Kenneth Crews da WIPO ta sa ya tattara dokokin ƙasashe kan maktabobi a 2008 ya sabunta har zuwa 2017, ka nemo shi ka ga abin da maƙwabta suka yi, don jami'in gwamnati ya fi saurin sauraro in ka ce mai ƙasa kaza ta riga ta yi.

Na uku, kuma a gurina wannan shi ne zuciyar aikin, ka tara shaida. Lauyoyi sun cika Jeneba, abin da babu shi ne mutumin da zai ce ni ne mai kula da maktaba kaza ga abin da ya same mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka buɗe littafi guda ko fayil a waya, duk ranar da doka ko tsoron doka ya hana ka yi wa mai karatu aiki ka rubuta: kwanan wata, wane irin littafi, wa ke nema, me ya hana, me aka yi asara. Ɗalibar da kundinta guda ɗaya tal ke ajiye a maktaba a Khartum ba wanda ya yi sikanin ɗinsa, makahon da ya zo neman littafin fiƙihu aka ce mai babu na sauti, malamin da ke Bur Sudan yana son a turo mai muƙala daga wata jami'a a waje suka ce lasisinsu bai yarda ba. Kar ka ƙara gishiri ko kaɗan wallahi, in littafi 40 ne ya ƙone kar ka ce 400, rana ɗaya aka kama ka da ƙari shi kenan duk sauran shaidarka ta zube. Ka cire sunayen mutane, sannan don Allah a irin wannan lokaci kar ka bayyana inda aka ɓoye rubuce-rubucen hannu a takardar da za ta yi yawo, ɓarayi ma suna karatu.

Na huɗu ka shiga ƙungiya, don maktaba ɗaya ba ta da kujera a can. A gida akwai ƙungiyar maktabobi da bayanai ta Sudan. Sama da ita muna da sa'ar ƙofa biyu, ƙungiyar maktabobin Afirka AfLIA da ke Akara ta Gana, da ta ƙasashen Larabawa AFLI da aka kafa a Tunisiya a 1986. Uwarsu duka ita ce IFLA, ƙungiyar maktabobi ta duniya, wadda aka kafa a 1927, hedikwatarta na Hague da Larabawa ke ce wa Lahai, kuma ita da wata ƙungiya mai tallafa wa maktabobi da ake ce wa EIFL suna halartar zaman SCCR a matsayin masu sa ido, ana ba su dama su yi magana. Ka tura musu shaidarka da Larabci ko Turanci, abin da suke nema kenan.

Amma ka riƙe wannan da kyau, mai sa ido yana magana ne kawai, ba ya yanke hukunci. Ƙasa ce ke gabatar da ƙuduri. Dubi yadda aka samu yarjejeniyar Marakish ta makafi: ƙungiyar makafi ta duniya ce ta tsara daftarin, amma sai da Birazil da Ikwado da Faragwai suka ɗauka suka ajiye a gaban kwamitin a 2009 kafin ya zama abin tattaunawa, aka yi ta ja har 27 ga Yuni 2013 aka amince a Marakish ta Maroko, ta fara aiki 30 ga Satumba 2016 bayan ƙasashe 20 sun shiga. Yau saboda ita maktaba a ƙasar da ta shigar da ita dokarta na iya mai da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da neman izini ba, ta kuma tura shi wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar. Shekara bakwai daga gabatarwa zuwa fara aiki, wanda ba shi da haƙuri ba zai iya wannan hanyar ba.

Don haka mataki na biyar, ka nemo mutumin gwamnati. A Sudan sha'anin haƙƙin mallaka yana hannun majalisar musannafat, wato hukumar ayyukan adabi da fasaha, da ke ƙarƙashin wizarar al'adu, sannan akwai ofishin jakadancin Sudan a Jeneba da ke ƙarƙashin wizarar harkokin waje, daga ɗayan biyun nan wakili ke fitowa. Sau da yawa jami'i ɗaya a can yana bin taro iri-iri a mako guda, ba lallai ya taɓa shiga maktaba don aiki ba, to in ka kawo mai bayani a shirye ka taimake shi ne ba ka dame shi ba. Ka je ta hannun ƙungiya da takarda mai hatimi, ka gaisa yadda ya kamata, ya ustaz ko ya sa'adatak, kar ka shiga da faɗa ko siyasar yaƙi, maganarka littafi ce. Kuma ba sabon abu za ka roƙa ba, Sudan na cikin rukunin ƙasashen Afirka a WIPO, rukunin da tun 2010 ya gabatar da daftarin yarjejeniya kan rangwame, an yi taron yanki a Nairobi a 2019 kan batun, kuma a 2023 kwamitin ya karɓi tsarin aikin da rukunin Afirka ya kawo wanda adana kayan tarihi ke cikin abubuwan da ya sa a gaba. Roƙonka ɗaya ne: wakilinmu ya ɗaga hannu ya goyi bayan wannan, ya ba da misalin abin da ya faru a ƙasarsa. Wace ƙasa ce yau ta fi Sudan hujjar cewa kwafi ɗaya a gini ɗaya bai isa ba?

Takardar da za ka ba shi kar ta wuce shafi ɗaya. Matsalar a layi uku, misali biyu daga littafin shaidarka, abin da kake so ya faɗa, har ka rubuta mai jimlolin da zai iya karantawa in ya ga dama. Ka duba ranar zaman a shafin WIPO ka kai takardar makonni kafin nan, don matsayar rukuni ana daidaita ta ne kafin a shiga zaure. Ana haska zaman kai tsaye a intanet da fassarar Larabci, in netwok ya yarda ka kalla, in ya yi magana ka aika mai godiya, in bai yi ba ka koma zama na gaba.

Ka nemi abokan tafiya kuma, ƙungiyar makafi, malaman jami'a, ma'aikatan Darul Wasa'iƙ wato ma'ajiyar takardun ƙasa, masu gidan tarihi. Marubuta da masu buga littafi kar ka mai da su abokan gaba, su ma yaƙi ya cinye musu jari kuma tsoronsu na satar fasaha gaskiya ne, ka zauna da su ka nuna kwafin adanawa daban na kasuwa daban, ka yarda a rubuta sharaɗi. In marubuci ɗaya sananne ya sa hannu a takardarku nauyinta ya ninka.

Akwai wasu ƙofofin ban da Jeneba. A 2014 IFLA ta fitar da sanarwar Liyon kan 'yancin samun bayanai, ƙungiyoyi ɗaruruwa suka sa hannu, kuma a 2015 samun bayanai ya shiga muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya a lamba 16.10, to duk lokacin da gwamnati ke haɗa rahotonta kan muradun ka nemi a sa maktabobi a ciki. Ga kuma yarjejeniyar Hague ta 1954 kan kare kayan al'adu lokacin yaƙi, da ƙungiyar Blue Shield da aka kafa a 1996 wadda IFLA na cikin waɗanda suka kafa ta, nan ake kai rahoton ƙonewa da wawaso.

Na ƙarshe ka biyo abin har gida. Sa hannu daban, amincewar ƙasa daban, shigar da shi dokar gida kuma daban. Najeriya ta amince da Marakish a 2017 amma sai a sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 tanadin ya zauna sosai a dokarta. Ka tambayi musannafat a rubuce inda aka kwana kan Marakish a Sudan, sannan tun yanzu ƙungiya ta tsara sassan da take so a gyara a dokar 2013, layi bayan layi da Larabci, ta ajiye a hannu, don ranar da aka buɗe gyaran doka ba a ba da lokaci mai tsawo, wanda ya zo da rubutu a shirye nashi ake ɗora tattaunawa a kai.