Kurakuran da ke lalata na'urar ilektirodayalisis wajen cire gishiri daga ruwan zartsi

Kusan duk matashin injiniyan da aka kawo mini don in koya masa aikin nan, tambayarsa ta farko ita ce: wuta nawa zan ba na'urar? Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar mene ne a cikin ruwan ba. Daga nan matsalar take farawa, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta da maimaici.

Ga wanda bai sani ba, na'urar tace ruwa ta RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin tantani don ya bar gishirinsa, tana fitar da ruwa kashi biyu: mai daɗi da ake sha, da ragowar zartsi da ake zubarwa. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a lita, ragowarsa kuwa takan kai kusan ninki biyu. Wannan ragowar ce muke cire wa gishiri da ilektirodayalisis, wato jerin tantani iri biyu, ɗaya yana barin sodiyam ya wuce, ɗaya yana barin kuloraid, wutar lantarki ta ja su zuwa ɗakin da gishiri ke taruwa. Japan da wannan hanya take samar da yawancin gishirinta na gida tun 1972. Dabarar ba sabuwa ba ce, mu ne dai muke gaggawa.

Kuskure na farko, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci: zuba ruwan zartsi kai tsaye ba tare da an auna kalsiyam, magniziyam da salfet ba. Mutane suna duba jimillar gishiri kawai a na'urar awo su ce shi ke nan. Alhali tantanin gama-gari bai damu da cewa gishirin miya kake nema ba, duk abin da ke ɗauke da caji zai ja. Kalsiyam ya haɗu da salfet a ɗakin tarawa, jifsum ya daskare a jikin tantani kamar siminti.

Ni kaina na faɗa wannan rami a wata masana'anta da na yi aiki. Na lura ruwan tarawa yana yin farar ƙasa, na ce bari in rage pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, da asid. Abin da ke cikin sito asid ɗin salfurik ne, na ɗauka na zuba, ina ganin na yi dabara. Ashe salfet nake ƙara wa ruwan da ya riga ya cika da kalsiyam. Da muka kwance jerin, ragar da ke tsakanin tantani ta toshe, farin dutse ya manne. Farar ƙasa asid ɗin haidurokulorik yana narkar da ita nan take, amma jifsum ba ya jin wannan magani sosai. Muka kwana muna wanki, ƙarshe wasu tantanin sai shara. Maigidan bai yi mini tsawa ba, kallo kawai ya yi mini, kuma da ya yi tsawar da ta fi sauƙi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ba na kunna na'ura sai takardar awon ruwa tana hannuna. Idan kalsiyam ya yi yawa, ina tausasa ruwan tukuna da soda, in bar dattin ya kwanta, in tace. Asid kuwa haidurokulorik ne kawai ke shiga ɗakin tarawa. Akwai tantani mai zaɓe, wanda ke fifita sodiyam da kuloraid a kan masu caji biyu kamar kalsiyam da salfet, irin wanda masu gishirin Japan ke amfani da shi. Yana da tsada, wasu abokan aiki suna ganin da shi an huta da tausasawa. Ni ban yarda ba, ragewa yake yi, ba ya hanawa baki ɗaya.

Na biyu shi ne murɗa wuta. Yaro ya ga gishiri ba ya taruwa da sauri, sai ya ƙara bolt. Kai, na'urar nan ba babur ba ce! Kowane jeri yana da iyakar wutar da zai iya ɗauka. Idan ka wuce ta, gishirin da ke gab da tantani ya ƙare, sai wutar ta koma fasa ruwan kansa. Ɗakin tarawa ya yi kaifi irin na kanwa, pH ya hau, magniziyam ya zama farin kunu ya liƙe, tantani ya yi zafi har ya ƙone. Ka biya kuɗin wuta, ka sayi ɓarna. Abin da ya fi ba ni haushi, gano iyakar ba ya cin awa biyu: ƙara bolt kaɗan-kaɗan, rubuta amfiya, inda amfiya ta daina bin bolt nan ce katangar. Ni ina tsayawa wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan. Kuma iyakar sauka take yi yayin da ruwan ke rage gishiri, don haka lambar safe ba ita ce ta yamma ba.

Riƙe wannan lissafi a ka: amfiya ɗaya a awa ɗaya ba za ta taɓa ɗaukar fiye da giram 2.18 na gishiri ba a kowane tagwayen tantani. In abin da kake samu ya yi ƙasa da haka sosai, akwai yoyo ko gishiri yana komawa baya, ba ƙarancin wuta ba ne.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka wanke sandunan wuta na ƙarshen jerin da ruwan gishirin, iskar kulorin za ta tashi, yi amfani da sodiyam salfet, kuma a bar iska tana shiga ɗakin saboda haidurojin. Kada ka bar tantani ya bushe a hutun ƙarshen mako, tsagewa yake yi. Daidaita matsin ruwa a ɓangarorin biyu. Silika ba ta da caji, ba za ta motsa ba, kada ka zargi na'ura.

Sai masu jiran su ga gishiri yana zubowa gari-gari daga famfo. Ruwa yana bin gishirin ya ƙetare tantani, shi ya sa tarawar takan tsaya wajen giram 200 a lita, alhali sai an kai kusan giram 360 a litar ruwa kafin gishiri ya fara ƙanƙara. Ragowar aikin na tukunyar ƙafewa ne ko na rana, kamar yadda mutanen Bilma ke yi a ramukansu. Duk wanda ya rubuta kasafin aiki bai sa kuɗin wannan mataki ba, ya koma ya sake lissafi kafin ya kai wa maigida.